Yadda ake gano matsalar sensa a kwantirolar kol-rum kafin a kashe kuɗi a banza

Wata Asabar bayan sallar asuba wata Hajiya mai kol-sto a Maamobi ta bugo min waya muryarta har rawa take, ta ce Masta don Allah ka zo yanzu, agogon ɗakin sanyin nan tun dare yake ta ƙyafta P1 P1, ga kaya jiya-jiya na sauke daga Tema, katan-katan na kaji da kifi. Na ce mata Hajiya ki kwantar da hankalinki, abu ɗaya kawai za ki yi min, kar kowa ya buɗe ƙofar nan sai na iso. Kafin in isa ashe wani ya riga ni, ya leƙa kawai ya ce mata kwantirola, wato agogon nan mai kunna injin sanyi da kashe shi, ta ƙone a sayo sabuwa, ko mita bai fitar daga jaka ba. Abin nan yana min ciwo wallahi, don kuɗin mutane ne kuma guminsu ne, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake bin wannan aikin daki-daki, ko yaran shago da masu kol-sto ɗinmu na Nima da Madina da Sabon Zango za su amfana.

Ka fara gane cewa kwantirola ba ta jin sanyi ba ta jin zafi. Ɗan abin nan mai kai kamar harsashi da ke ƙarshen waya, wanda muke ce ma sensa, shi ne idonta. Mafi yawan kwantirololin da muke haɗuwa da su a nan Accra, wato Dixell da Eliwell da Carel da Elitech, da sensar NTC suke aiki mai kilo-om 10, wato 10k, a digiri 25, om kuwa shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wucewar wuta. Halinta shi ne in wuri ya yi sanyi lambar om ɗinta ta hau, in ya yi zafi ta sauka. Kwantirola om ɗin nan kawai take karantawa ta juya shi zuwa digiri ta nuna maka a fuska. To kaga duk abin da ya taɓa om ɗin, ko waya ce ta tsinke, ko ruwa ya shiga, ko sukuru ya saki, ita dai abin da ya iso mata za ta faɗa. Saboda haka P1 ba ya nufin sensa ta mutu, ba ya kuma nufin kwantirola ta mutu, cewa kawai take ba na ganin sensa ta ɗaya. Aikinka ne ka gano inda hanyar ta yanke.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: mita mai auna om, ƙaramin sukundireba mai bakin lebur, tamomita ta hannu da ka yarda da ita, kofi ko filas, ƙanƙara, sai rezista biyu, wato 'yan ƙananan kayan lantarki masu tsayayyen om, ɗaya 10k ɗaya 27k, waɗanda za ka samu a Zongo Lane wajen masu kayan lantarki da ɗan canji. Ni kullum suna cikin kwalin ashana a jakata, kuma za ka ga amfaninsu a gaba.

Da ka isa, kafin ka taɓa komai, duba kaya tukuna. Ka shiga sau ɗaya ka cusa tamomita tsakanin katan biyu ka fito ka rufe. Kayan firiza ana son su zauna a -18 ko ƙasa da haka, na cila kuwa, wato ɗakin da ke sanyaya kaya ba ya daskarar da su, tsakanin 0 da 5. In kaya na nan da ƙarfinsu kana da lokacin yin aiki a natse, in kuma sun fara laushi to ka fara da sa kwampiresa aiki na wucin gadi kamar yadda zan bayyana can ƙasa, sannan ka dawo kan bincike.

Sai karanta abin da fuskar ke nunawa, kuma a nan mutane da dama ke ruɗewa don kowane kamfani da harshensa. A Dixell, P1 sensar ɗaki ce, P2 sensar ibaporeta, wato wadda ke cikin koyil ɗin da ke fitar da sanyi tana lura da difros, lokacin da hita ke narkar da ƙanƙarar da ta taru a koyil. A Eliwell E1 ta ɗaki ce E2 ta ibaporeta. Amma a Carel E0 ita ce ta ɗaki, E1 kuma ta difros. Ka gani ko? E1 ɗin Eliwell daban E1 ɗin Carel daban, na sha ganin yaro ya cire lafiyayyar sensa ya yar ya bar marar lafiya a ciki saboda wannan kawai. Ka karanta sunan da lambar da ke jikin kwantirolar, akwai zanen wayoyi manne a bayanta ko samanta, shi zai nuna maka tamina, wato wurin ɗaura waya, mai lamba nawa da nawa ne na sensa. Ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka kwance ko ɗaya.

Yanzu kashe wuta. Ba maɓallin fuskar kwantirola ba, a'a, ka sauke bireka ko aisoleta gaba ɗaya ka gwada da mita ka tabbatar, don bayan akwatin nan akwai 230, in kuma injin mai layi uku ne akwai 400 da wani abu a kan kwantakta, wato makunnin da ke ba kwampiresa wuta, ga ƙasa a jiƙe ga takalmin roba ba kowa ke sawa ba.

Daga nan ido da hannu kafin mita. Ka ja kowace wayar sensa a hankali a bakin tamina ka ga ko za ta zare, don girgizar inji tana sassauta sukuru, kuma iskar teku da damshin garin nan suna sa bakin waya ya yi kore-kore ya ci tsatsa. Ka bi wayar da yatsa tun daga akwati har inda ta huda bango ta shiga ɗaki. Wuraren da na fi samun ɓarna uku ne, ramin da ta ratsa fanel inda bakin kwano ke yankarta a hankali, saman rufin ɗaki inda ɓeraye ke kwana saboda ɗumi, sai inda wani ya taɓa yin ƙari ya murɗa waya ya naɗe da salatif ya bar ta cikin sanyi. A wajen Hajiya a saman rufin ne, yarona ya hau da tocila ya ce Masta zo ka gani, ɓera ya ci rigar wayar kusan tsawon yatsa, silin jan ƙarfe biyu ko uku kawai suka rage suna riƙe.

In ido bai ga komai ba sai mita. Ka kwance wayoyin sensa biyun daga kwantirola, dole ka cire su, in ka auna suna haɗe lambar da za ka samu ba ta sensa ba ce. Ka sa mita a 200k in ba mai zaɓa da kanta ba ce. Kar ka matse bakin wayoyin biyu da yatsunka lokacin aunawa don jikinka ma yana da nasa om ɗin, balle in hannu da gumi, zai rage maka lamba, ka yi amfani da ɗan maƙali. In mita ta nuna OL ko 1 a gefen hagu, hanya ta yanke, ko a waya ko cikin kan sensar. In ta nuna sifili ko kusa da shi, wayoyin sun haɗe da juna. Duk biyun suna kawo P1 ko E1. In kuma ta ba da lamba, sai ka gwama da zafin wurin da kan sensar yake.

Ga lambobin NTC 10k irin ta waɗannan kwantirololi, ka rubuta su a murfin akwatin kayan aikinka: a digiri 30 wajen 8.3k, a 25 daidai 10k, a 10 wajen 18k, a 5 wajen 22k, a 0 kuwa 27.3k, a -10 wajen 42.5k, a -20 wajen 67.8k. Wato in ka fito da sensa waje da rana a nan Accra ka ga 8k da ɗan wani abu, kar ka ce ta lalace don ba ta kai 10 ba, zafin garin ne. Ka damƙe kan a tafin hannunka, lambar ta riƙa sauka sannu a hankali ba tsalle. In tana tsalle, ko ta ɓace ta dawo, akwai karaya a ciki. Mita na haɗe ka sa yaro ya bi wayar yana lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa kai kana kallo, inda lamba ta yi firgita nan ne ciwon yake. Wannan gwajin shi ke kama matsalar nan mai zuwa ta tafi, wadda mai shago zai ce maka da dare take yi amma da ka zo sai ta daina.

Amma gwajin da na fi yarda da shi, wanda ba na barin wurin aiki ban yi ba, shi ne na ƙanƙara. Ka samu piya wata biyu da suka daskare, ka farfasa su ƙanana, ka cika kofi da su, ka zuba ruwa kaɗan ya cike tsakanin, ka juya sosai. Ƙanƙara ta fi ruwa yawa, kuma banda gishiri ko kaɗan. Kar ka ɗora sensa a kan dunƙulen ƙanƙara da ya fito daga firiza kai tsaye, wannan ya fi sifili sanyi nesa ba kusa ba, ruwa da ƙanƙara a gauraye su ne ke tsayawa a 0 cif. Ka tsoma kan sensar tsakiya kar ya taɓa gindin kofi, ka jira minti biyar kana ɗan juyawa. Lafiyayya za ta ba ka 27k da ɗan ɗoriya. In ka ga 26.5 ko 28 ba komai. In ka ga 20 ko 18 to sensar nan maƙaryaciya ce.

Kuma maƙaryaciyar sensa ta fi matacciya haɗari, a nan nake so a tsaya a fahimta. Matacciya tana sa kwantirola ta yi ihu kowa ya sani. Ita kuwa wadda ruwa ya shiga kanta ba ta kawo P1 ba ta kawo komai, om ɗinta ne kawai ke raguwa, sai kwantirola ta ɗauka ɗaki ya fi yadda yake zafi. In ta ɗaki ce kwampiresa ba zai huta ba dare da rana, mitar wuta na cin kuɗi, in cila ce kayan lambu da yogot su daskare. In kuma ta ibaporeta ce abin ya fi muni, don difros yana tsayawa ne in sensar ta ga koyil ya kai zafin da aka sa mata, a Dixell sunan wurin dtE, a Eliwell dSt, galibi digiri 8. To sensa ta ce an kai 8 alhali ƙanƙara ko narkewa ba ta fara ba, hita ta yanke da wuri, gobe haka jibi haka, cikin mako koyil ya zama dutsen ƙanƙara iska ba ta wucewa, ɗaki ya ƙi sanyi. Sai a kira wani ya ce gas ne ya ƙare ya ƙara gas a kan wanda yake cike, ana kukan targaɗe ga karaya ta samu. Duk lokacin da ka ga koyil ya toshe da ƙanƙara ka auna sensa ta biyu kafin ka taɓa silinda. A Eliwell in ka danna set za ka ga Pb1 da Pb2 ka karanta abin da kowace ke gani, a Dixell XR60CX kuma dP2 ke nuna ta ibaporeta.

To idan sensa ta ci duk gwajin nan lafiya fa? Sai a juya kan kwantirola, a nan rezistocin nan ke aiki. Wuta a kashe, ka ɗaura 10k a taminar sensa, ka kunna. Fuska ta nuna 25 ko kusa sosai. Ka kashe ka sa 27k, ta nuna wajen 0. In ta nuna haka kwantirola ƙalau take, kar kowa ya sa ka saye sabuwa. In da rezista a jiki har yanzu P1 take yi ko ta nuna lambar hauka, to yanzu ne kake da hujjar cewa ita ce, kuma hakan na faruwa musamman bayan wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ko an juya zuwa janareta. In ba ka da rezista ka musanya sensa ta ɗaya da ta biyu a tamina, in P1 ya koma P2 laifin ya bi sensa, in ya tsaya a P1 yana cikin akwati. Ka tuna ka mayar da su mazauninsu bayan gwaji.

Kafin dai ka yanke mata hukunci leƙa saitin irin sensa, don wani lokaci hannu ne ya taɓa. Ba NTC kaɗai ke akwai ba. Akwai PTC mai wajen om 990 a digiri 25, akwai Pt1000 mai om 1000 daidai a 0, waɗannan biyun nasu hawa yake in zafi ya ƙaru, kuma za ka fi ganin Pt1000 a kan Danfoss. In an gaya wa kwantirola PTC ce alhali NTC aka ɗaura, kuskure za ta nuna ko da sensar sabuwa ce fil. A Dixell XR60CX ka danne SET da kibiyar ƙasa tare na daƙiƙa uku ka shiga saiti ka nemi PbC, a Eliwell H00 ne, kuma in ka canza ka kashe ta ka sake kunnawa. Ka duba wurin gyaran karatu ma, Ot a Dixell, CA1 a Eliwell, don akwai masu zuwa su ga sensa na ƙarya da digiri biyar sai su cusa 5 a nan su tafi. Wurin nan na gyaran digiri ɗaya ne ko ƙasa da haka, sensar da ruwa ya shiga kullum ƙara lalacewa take, abin da ka gyara yau ba shi ne na wata mai zuwa ba.

Wajen sayen sabuwa kuma a kula, 10k ba duka ɗaya ba ne. Akwai wata 10k da ake samu a kasuwa, a digiri 25 ita ma 10k take ba ka, amma a ruwan ƙanƙara sai ta ba da 32 zuwa 33k maimakon 27. In ka ɗaura irin wannan a firiza, fuska za ta nuna -18 alhali ɗakin yana wajen -12 ne, mai kaya na murna kifi na lalacewa a hankali. Haka sensar firjin gida ko ta esi da ake cirowa daga tsofaffin kaya, da yawansu 5k ne ko 15k ko wani abu daban. Ni ko daga leda na ciro sabuwa sai na tsoma ta a kofi tukuna. Ka nemi mai kai a rufe ruf da roba wadda aka yi don wurin damshi.

Ɗaurawa ba wuya amma a nan ake shuka matsalar gaba. Sensar NTC ba ta da fari ko baƙi, duk yadda ka juya wayoyin daidai ne. Ta ɗaki ka sa ta inda iska ke komawa cikin ibaporeta, wato bayan koyil, ba gaban fanka inda sanyi ke fita ba, ba kusa da ƙofa ko fitila ba, kuma kar ta manne da ƙarfe. Ta difros ka cusa ta tsakanin fuka-fukan koyil a wurin da ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, nesa da hita, ka ɗan matse fuka-fukan su riƙe ta. Kan sensar ya kalli sama, waya ta fito ta ƙasa, don ruwan difros ya gangara ya bar ta maimakon ya bi waya ya shige ciki. In dole sai an yi ƙari, ka yi shi a wajen ɗaki, ka yi solda ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, banda murɗawa da salatif. Kar ka ɗaure wayar sensa jiki ɗaya da wayar kwampiresa ko ta fanka, tana sa lamba rawa. Ramin bango ka toshe shi da silikon, in ba haka ba iska mai ɗumi za ta riƙa bi ta nan tana zama ruwa a kan wayar. A saman rufi kuwa ka zura ta cikin bututu saboda ɓera.

Saura maganar wucin gadi, in dare ne ko Lahadi shaguna a rufe. Kwantirolar tana da tsarin tafiya da agogo in sensar ɗaki ta mutu. A Dixell XR60CX su ne COn da COF, mintin aiki da mintin hutu, daga kamfani 15 da 30 suke zuwa, wanda bai isa firiza cike da kaya a zafin nan ba, ni nakan juya su aiki ya fi hutu yawa sannan in sa a riƙa duba tamomita. A Eliwell Ont da OFt ne, kuma in Ont na kan 0 kwampiresa ba zai tashi ba sam, ka duba wannan da kyau. In ta ibaporeta ce ta mutu, ka gaya wa kwantirola babu ita, P2P ka mai da shi n a Dixell, H42 a Eliwell, sai difros ya koma tsayawa da lokaci, ka rage lokacin kar hita ta daɗe tana gasa ɗaki. In ta ɗaki ce ta mutu kuma, kana iya ɗauko lafiyayyar ta ibaporeta ka mai da ita ta ɗaki zuwa safe. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a danne kwantakta da tsinke ko a haɗa waya kai tsaye, ba difros ba hutu, kwampiresa ake kashewa.

A wajen Hajiya mun yanke inda ɓera ya ci, muka ja sabuwar waya cikin bututu muka yi solda a waje, sensar kanta da muka tsoma a kofi 27.1k ta ba mu, don haka ita muka mayar. Muka kunna, P1 ya ɓace da kansa bayan 'yan daƙiƙu ba tare da an danna komai ba, fuska ta nuna -11, tamomitar hannuna da na rataye kusa da sensar ta nuna kusan haka. Ban tafi ba sai da na ga ya sauka ya kai inda aka saita kwampiresa ya tsaya da kansa, sannan na danna difros da hannu na tsaya ina kallon dP2 yana hawa har ya kai 8 hita ta yanke, ruwa na zuba ta bututun baya. Hajiya ta ce ɗana to kwantirolar fa, in sayo ko in bari? Na ce ki bari Hajiya, wannan lafiyarta ƙalau, kuɗin ki sa a sayo tamomita guda a rataye a ciki, yaranki su riƙa gwama ta da agogon waje kowace safiya suna rubutawa a littafi, ranar da suka ga bambanci ya wuce digiri biyu ki kira ni.